Daidaiton Intanet: Abin da Ya Faru a Khartoum da Omdurman

Akwai wata ƙa'ida da masana sadarwa ke kira daidaiton intanet. Ma'anarta ita ce kamfanin da ya sayar maka da data ba shi da hurumin zaɓa maka inda za ka shiga: kada ya toshe wani shafi, kada ya rage saurin wani, kada ya fifita wanda ya ba shi kuɗi. Misalinsa direban motar haya ne. Ka biya kuɗin mota, ba ruwansa da wanda za ka je gaisarwa.

A Sudan an ga abin da rashin wannan ƙa'ida ke haifarwa. A watan Disamba 2018, lokacin zanga-zangar adawa da Umar al-Bashir, kamfanonin Zain, MTN da Sudani suka toshe Facebook, Twitter da WhatsApp, alhali sauran shafuka na buɗewa. Bayan kisan masu zaman dirshan a gaban hedikwatar soja a Khartoum ranar 3 ga Yuni 2019, sai aka katse intanet ɗin wayoyi baki ɗaya. Lauya Abdul'azim Hasan ya kai Zain kotu, ya yi nasara, amma layinsa kaɗai aka buɗe. Sai da ya koma kotu kafin aka maido wa kowa ranar 9 ga Yuli.

Bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021 aka sake katsewa. Kotu ta ce a maido, amma hukumar kula da sadarwa, wadda aka kafa don ta kare masu saye, ta ce katsewar na nan daram. Sai 18 ga Nuwamba layuka suka fara dawowa.

Mafi muni shi ne na Fabrairu 2024, ana tsakiyar yaƙi. Jama'ar Khartoum da Omdurman sun dogara da manhajar Bankak wajen karɓar kuɗi daga 'yan'uwa, haka ma takaya, wato wuraren dafa abincin sadaka na unguwanni. Da layuka suka mutu, tukwane da yawa suka sauka daga murhu.

Don haka dokar sadarwa na buƙatar abu uku: hukumar da ba ta karɓar umarni daga mai bindiga, hukuncin kotu da ake bi, da tilasta wa kamfani ya bayyana wanda ya sa shi toshewa. Mutanen Zamfara, da aka katse wa layuka a Satumba 2021, sun san wannan ba labarin nesa ba ne.

Allah Ya ba Sudan zaman lafiya.