Lissafi Ba Baƙo Ba Ne A Zauren Malamai

Kowace shekara, idan yara suka gama aji uku na ƙaramar sakandare, akan raba su kashi uku: masu kimiyya, masu ilmin ciniki, da masu adabi. A nan ne yaro kan zo wa mahaifinsa da kuka, ya ce lissafi ya yi masa tauri, yana so ya bi sashen da zai rage masa wahala. Uban kuwa, malami ne ko attajiri, sau da yawa sai ya ce to, domin yana zaton lissafi kayan boko ne kurum.

To, a sani, lissafi wajibi ne a jarrabawar WAEC da ta NECO, kowane sashe yaro ya bi. Abin zaɓi shi ne lissafi mai zurfi. Wanda kuwa bai ci lissafi da kyau ba, ƙofar karatun likita da injiniya da akanta ta rufe masa.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne. A Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekarar 820, Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya wallafa littafin Aljabru wal Muƙabala, wanda daga sunansa aljabara ta samo suna, kuma babban yanki nasa a kan wasiyya da rabon gado yake. Haka Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, mutumin Katsina, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi littafi a kan jera lambobi cikin hatimi yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya.

Ga misali daga fara'ili. Mutum ya rasu ya bar mata, da 'ya'ya mata biyu, da uba, da uwa. Mata tana da sumuni, 'ya'ya suna da sulusi biyu, iyaye kowanne sudusi. Asalin mas'ala 24 ne, amma in aka tara rabon sai ya kai 27, watau an yi auli. In dukiyar naira 2,700,000 ce, mata ta sami 300,000, kowace 'ya 800,000, uba da uwa kowanne 400,000. Sumuni ya koma tusu'i. Wanda bai iya kasafi ba, yaya zai raba wannan ba tare da ya ci haƙƙin maraya ba?

Haka yake a kasuwa. Ɗan Kantin Kwari da ya rage 20 cikin 100 a kan kayan naira 100, ya koma 80. In ya ƙara 20 cikin 100 daga baya, 96 zai samu, ba 100 ba. Zakkar kuɗi kuma ɗaya ce cikin 40, sai an ƙidaya daidai ake fid da ita daidai.

Saboda haka, idan yaro ya zo da kukan lissafi, kada uba ya yi saurin amsa masa. Ya zaunar da shi a shago ya riƙe littafin bashi, ko a zaure ya warware mas'alar gado, sa'an nan ya tafi makaranta ya gana da malamin lissafinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya yi wa zuriya albarka, amin.