Agogon Hannu da Ɗaukar Ido: Laifin Gilashi Ne ko na Mai Dubawa?

Duk wanda ya zauna jarrabawa a makarantar nan ya san doka: waya ba ta shiga zaure. Agogon bango kuwa, in akwai shi, sau da yawa batirinsa ya mutu tun zangon da ya wuce. Saura na hannu. To sai ka ɗaga hannu ka duba minti nawa ya rage, maimakon lambobi ka ga dogon ƙwan lantarki ko hoton taga kwance a kan gilashin. Ina so in yi bayanin abin da ke jawo haka, domin da yawanmu mun ɗauka arhar agogo ce. Ba ita ba ce.

Duk lokacin da haske ya fito daga iska zai shiga gilashi, wani kaso yakan dawo baya. 'Yan sashen kimiyya da injiniya sun san lissafin Fresnel, masanin nan na Faransa: ka ɗauki lambar karya haske ta gilashin, ka cire 1, ka raba da lambar da aka ƙara wa 1, sannan ka ninka amsar da kanta. Gilashi na gama-gari lambarsa wajen 1.5 ce, wato kashi 4 cikin 100 ke dawowa. Kuma gilashin agogo fuska biyu gare shi, ciki da waje, sai ya zama kusan kashi 8. Gilashin roba irin na Casio F-91W, wanda rabin ajinmu ke ɗaurawa, shi ma kusan haka yake.

Ga inda abin mamakin yake. Gilashin safaya, wanda ake sa wa agogo masu tsada saboda ba ya saurin karcewa, lambarsa ta kai wajen 1.77. Ka yi lissafin da kanka: kusan kashi 8 a fuska ɗaya, wajen 14 a duka biyun. Wato mai tsadar ya fi ɗaukar ido, in dai ba a yi masa magani ba.

Maganin shi ne wani shafe siriri ƙwarai da ake yi wa gilashin a masana'anta, fasahar da Alexander Smakula ya samar a kamfanin Zeiss na Jamus a 1935. Kaurin shafen rubu'in tsawon zangon haske ne, ta yadda hasken da ya dawo daga samansa da wanda ya dawo daga ƙasansa za su ci karo su kashe juna. Shi ne irin wanda ke jikin tabarau na likita da idon kyamara. Alamarsa, in ka karkata agogon, hoton fitila zai fito da ɗan shuɗi ko ruwan hoda mai duhu maimakon fari fat. Ni dai na fi son wanda aka shafa ta ciki kawai. Na waje ya fi rage ƙyalli, gaskiya ne, amma ya fi safayar laushi, kuma a ƙasar da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, ba a jimawa ya yi zane-zane.

To, wanda ba shi da kuɗin sabon agogo fa? Abu na farko, karkata hannu. Haske yana barin gilashi ne da irin kusurwar da ya faɗo da ita, saboda haka ɗan juya tsintsiyar hannu kaɗan ya isa ya kawar da hoton daga idonka, musamman in gilashin shimfiɗaɗɗe ne. Mai doro ya fi wuyar sha'ani: hoton da yake kamawa ƙarami ne, amma duk inda ka juya sai ya kamo wani. A rana kuwa, ka sa jikinka tsakanin agogon da hasken.

Sai tsafta. Maiƙon yatsa da gumi suna watsa haske, su mayar da gilashin kamar hazo. A fara hure ƙurar, sannan a goge da ƙyalle mai laushi irin na tabarau. Goge busasshiyar ƙura da bakin riga, wallahi kamar goga yashi ne. In gilashin roba ne ya yi ƙananan zane, ɗigon man goge baki a auduga yana rage su. Kada a kuskura a yi haka ga gilashi mai shafe, cire shi za a yi.

Launin fuskar agogo ma yana da tasiri. Baƙar fuska ta fi nuna hoto, kamar yadda taga ke zama madubi da dare. Don jarrabawa, farar fuska mai baƙaƙen lambobi ta fi. Masu agogon lambobi kuma su sani, wani baƙin tabarau mai tace haske yana sa allon ya yi baƙi ƙirin a wata kusurwa. Agogon lafiyarsa ƙalau, tabarau ne.

Abokanmu masu sayar da agogo a WhatsApp, ku kashe filashin waya. Ku ɗauki hoto a inuwa kusa da taga, ku riƙe baƙin kwali a gefen da gilashin ke kallo, sai ya ɗauko baƙi maimakon rufin ɗaki. Mai saye kuma, kafin ka biya, ka fito da agogon ƙofar shago ka duba shi a rana, don fitilun kanti ba irin hasken filin makaranta ba ne.