Yadda taurarin ɗan Adam ke bin sawun iskar gubar da ido ba ya gani

Duk shekara daga watan Disamba zuwa Fabrairu, taswirorin da taurarin ɗan Adam ke aikowa kan nuna wani ƙaton tabo shimfiɗe a kan Afirka, daga Gini har zuwa Sudan ta Kudu. Tabon na iskar kabon monokside ne, wadda ke fita idan itace, ciyawa, gawayi ko man fetur suka ci wuta ba su ƙone sarai ba. Ba ta da launi, ba ta da wari.

Aikin auna ta daga sama ya kankama ne a Disambar 1999, lokacin da hukumar NASA ta Amurka ta harba tauraron Terra ɗauke da na'urar MOPITT, ƙirar ƙasar Kanada. Daga nisan kilomita 705, na'urar ta riƙa duba wani irin haske da ke tasowa daga doron ƙasa, wanda wannan iska ke tsotse wani sashe nasa. Gwargwadon abin da ya ragu na hasken shi ke nuna yawan iskar. A Oktoban 2017 kuma Turawa suka harba Sentinel-5P da na'urar TROPOMI, wadda ke leƙa kusan duniya baki ɗaya a kowace rana, har takan bambance hayaƙin babban birni guda.

Abin da ya sa masana suka damu da ita shi ne daɗewarta. Takan yi wata ɗaya zuwa biyu a sararin sama, kuma wannan ya ishe ta tsallake teku. Haka aka bi hayaƙin gobarar Indonesiya ta 2015, da ta dazuzzukan Kanada ta 2023 da ya kai har Turai.

A yankinmu, mafi yawan tabon daga wutar daji yake, musamman a ƙasashen kudu masu doguwar ciyawa, inda manoma da mafarauta ke cinna wuta bayan kaka. Iskar hunturu sai ta kwashe hayaƙin ta yi bakin teku da shi. Nijar ba ta cikin manyan masu fitar da shi, amma makiyayan jahohin Tahoua, Maradi da Zinder sun san kuɗin wutar daji: ciyawar da dabbobi za su ci har faɗuwar damina kan tafi a yini guda.

Ma'aunin ya nuna iskar ta ragu a duniya tun daga shekarar 2000, galibi saboda ingantattun injinan motoci da masana'antu a Turai, Amurka da Sin.

Sai dai tauraro ba ya ganin cikin ɗaki, alhali can ne take kisa. Gawayin jin ɗumi a ɗakin da aka rufe lokacin sanyi, ko janareta a cikin gida, kan cika wurin da ita. Takan kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, ta fara da ciwon kai da jiri, mai barci kuwa ba ya ma farkawa.