Kukan birki: wanda ake haƙuri da shi, da wanda ba ya jiran gobe

Duk wanda ya tsaya a bakin tashar trotro a Nima ko Aboabo ya san wannan ƙarar. Mota za ta rage gudu, sai ka ji "ƙiiii" har cikin haƙori. Direbobi da yawa sun saba, har ba sa ji. Wasu kuma da sun ji sai gareji, a sauya musu kayan da lafiyarsu ƙalau. Kukan birki ba iri ɗaya ba ne, kuma lokacin da yake zuwa shi ke nuna inda matsalar take.

Mafi sauƙi shi ne na safe. Mota ta kwana a waje, raɓa ko ruwan sama ya sauka, tsatsa ta yi wa faifan birki lulluɓi. Taka biyu, taka uku, takalmin birki ya goge ta, shi ke nan shiru. Haka ƙurar hunturu take yi idan ta shiga tsakanin takalmi da faifai. Wannan ba abin kashe ko sidi ɗaya ba ne.

Wanda ya kamata ka buɗe masa kunne shi ne siririn kuka mai kaifi da ba ya tafiya ko mota ta yi zafi. Takalman birki da yawa suna da wani ɗan ƙarfe a gefe, an sa shi da gangan. Sabon takalmi kaurin abin da ke jikinsa ya kai milimita 10 zuwa 12. Idan ya cinye ya koma wajen milimita 3, sai ɗan ƙarfen ya fara taɓa faifai yana kuka. A wasu motocin ma kana tafiya ake jin sa, da ka taka birki ya ɗauke, abin da ke sa direba ya ce ai ba birki ba ne. To shi ne fa. Yana gaya maka lokacin sauyi ya yi tun aikin yana da araha. Leƙa ta ramin taya da tocila, sau da yawa za ka ga kaurin da idonka. Duba man birki ma: yana sauka a hankali yayin da takalmi ke cinyewa, don haka ƙara mai kawai ba gyara ba ne.

Idan aka yi biris, kuka zai koma gurnani, ƙarfe na cin ƙarfe. A nan takalmin ya ƙare, bayansa ne ke yagar faifai. Motar da ke wannan ƙarar bai kamata ta ɗauki fasinja ba, ko da na tasha ɗaya ne, domin nisan tsayawarta ya ƙaru, kuma aikin da takalmi kaɗai zai gama yanzu ya haɗa da faifai.

Akwai kuma na zafi. Direban da ya sauko gangaren Aburi ko na Kwahu ƙafarsa na kan birki tun daga sama, takalmin yakan gasu, fuskarsa ta yi sulɓi kamar gilashi. Yana da kauri, amma yana kuka kuma ba ya kamawa sosai. Idan abin bai yi nisa ba, makanike zai goge shi da sanfefa. Maganin na gaskiya dai yana hannun direba: sa ƙaramar giya, injin ya riƙe motar.

Sai wanda ya fi ɓata rai: an sa sabon takalmi jiya, yau yana kuka. A nan tambayoyi uku za ka yi wa makanikenka. Ya mayar da siririn ƙarfen da ke bayan takalmi, mai hana shi rawa? Ya zare sandunan da kalifa ke zamewa a kansu, ya wanke, ya shafa musu giris na birki? Ya duba faifan ko ya yi kwari? Idan sandunan nan suka ƙage, takalmi ɗaya zai riƙa gogawa kullum, taya ɗaya ta fi sauran zafi, mota ta riƙa ja gefe. Faifai kuwa akwai lambar mafi ƙarancin kaurinsa a buge a jikinsa. Idan ya kai nan, ba a sake gyara shi, sauyawa ake yi.

Ingancin kaya ma da nasa. A Abossey Okai da Suame Magazine za ka samu takalmi iri-iri na mota ɗaya, daga mai kyau har wanda ko suna babu a kwalinsa. Mai arha ƙwarai yakan yi tauri, ya yi kuka, ya ci faifai. A ganina, birki ba wurin neman ragi ba ne, balle takalmin gwanjo. Kuma ana sauya na hagu da na dama tare.

Abu ɗaya da ba a yi ko da wasa: fesa mai ko shafa baƙin mai a kan faifai ko fuskar takalmi don kukan ya daina. Zai daina ɗin, birkin ma zai daina. Giris wurinsa bayan takalmi da sandunan kalifa, ɗan kaɗan. Yaran gareji kuma a hana su hura ƙurar birki da baki ko da iskar famfo, don wasu tsofaffin takalma da na arha suna ɗauke da asbestos, mai lalata huhu.

Bayan an gama aiki, kafin mota ta motsa, taka birki sau da yawa har ya yi tauri. Sannan a nemi hanya marar cunkoso, a rage gudu a hankali kamar sau goma ba tare da tsayawa cak ba, don sabon takalmi ya zauna a kan faifai.