Yawon Buɗe Ido da Cimar Karkara a Arewacin Togo, daga Sokode zuwa Sansanin Mango

Babbar hanyar mota da ta tashi daga Lome a bakin teku ta nufi Cinkasse a kan iyakar Burkina Faso ita ce ƙashin bayan duk wata ziyara zuwa arewacin Togo, domin a kanta Sokode da Kara da Sansanin Mango da Dapaong suke jere, kuma daga gare ta ne ƙananan hanyoyin burji suke ratsawa zuwa ƙauyukan da baƙo yake son gani. Tun kafin Jamusawa su kafa bariki a Mango a 1896, ayarin fataken Hausa, wato 'yan kasuwar nesa masu tafiya da jakuna a ƙarƙashin jagorancin madugu, suna yada zango a wannan gari na bakin kogin Oti a kan hanyarsu ta zuwa Yendi da Salaga, inda suke musayar kanwa da tufafin Kano da jemammun fatu da goron Gwanja. Wannan tarihi bai gushe ba, domin karɓar baƙi a yankin an gina shi ne saboda matafiyi mai neman masauki da abin sawa a baka kafin ya wuce, kuma direbobin manyan motoci masu jigila tsakanin tashar jiragen ruwa ta Lome da Wagadugu su ne suka gaji fatake a wannan matsayi.

Mutanen garin Mango su ne Anufo, waɗanda maƙwabtansu suke kira Cakosi, kuma kakanninsu mayaƙa ne da suka taso daga ƙasar Ano a Kwaddebuwa ta yau a ƙarni na 18, suka yi wa sarakunan Gwanja da na Mamprusi aikin yaƙi, sannan suka zauna suka ɗora wa ƙabilun kewaye haraji. Sai mutum ya san wannan kafin ya fahimci wurin da ya fi kowane jan hankali a yankin, wato kogunan dutse na Nok da ke kusa da ƙauyen Nano, kudu maso yammacin Dapaong. A can, a cikin wata tsaga da ke gefen wani dogon dutse mai gangare, Mobawa suka gina rumbunan yumɓu fiye da ɗari, inda suke ɓuya da hatsinsu idan mahara suka taso, kuma a yau ana sauka wurin ne ta wani tsanin ƙarfe da aka kafa a jikin dutsen, abin da ba kowane mai jin jiri zai iya ba. Togo ta sanya wurin a jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su tun shekarar 2000. Daga bakin dutsen ana hango shimfiɗaɗɗen fili mai gonakin dawa da gero da itatuwan kuka da kaɗanya da ɗorawa, wanda Bahaushen Katsina ko na Maraɗi zai ga kamar bai bar gida ba.

Irin wannan tunani na kare kai shi ne ya haifar da gidajen Batammariba a Kutammaku, gabas da garin Kande, waɗanda UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2004, ta kuma faɗaɗa wurin zuwa ɓangaren Benin a 2023. Gidan, wanda suke kira takienta, bene ne na laka mai hasumiyoyi kewayayyu da ƙofa ƙwaya ɗaya, dabbobi a ƙasa, ɗakunan kwana da rumbuna a sama. Namun daji kuwa labarinsu bai da daɗi: gandun dajin Keran, wanda gwamnatin tsohon shugaban ƙasa Eyadema ta faɗaɗa ta hanyar tayar da ƙauyuka, ya rasa mafi yawan dabbobinsa lokacin da jama'a suka koma filayensu a hargitsin siyasa na farkon shekarun 1990, kuma abin da baƙo ya fi sa ran gani a yau shi ne dorinar ruwa a tafkin da ke kusa da Mango, da sassafe ko da la'asar sakaliya.

Ta fuskar abinci, wanda ya zo neman gidan cin abinci mai jerin girke-girke a rubuce zai sha wuya, amma wanda ya yarda ya zauna a benci a gindin bishiya zai ci abin da ya fi na otal. Daga Sokode zuwa Kara doya ce sarauniya, musamman irin da ake kira labako ta ƙasar Basar, wadda ake kirɓawa ta zama sakwara mai danƙo, ko a soya ta a yanka-yanka a sayar da sunan koliko. Da an haura Kande sai tuwon masara da na dawa su karɓi ragama, da miyar kuka ko kuɓewa ko gyaɗa wadda aka ɗaure da daddawar kalwa, naman kuma galibi na zabo ne, domin yankin Savanes da ke ƙarshen arewacin ƙasar ya yi suna wajen kiwon zabi, kuma gasasshen zabon Dapaong yana cikin abin da matafiya suke yin tsaraba da shi zuwa kudu. Da safe ana sayar da wace, wato shinkafa da wake da aka dafa tare da karan dafi har suka yi ja, da dare kuma mahauta, waɗanda da yawansu Hausawan zango ne, suna kafa tukubar tsire da ake kira cicinga a duk faɗin ƙasar.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne wagashi, cukun da matan Fulani suke yi da madarar shanu. Ana ɗumama madarar a kan wuta kaɗan-kaɗan, a zuba mata ruwan tumfafiya da aka daka, wanda yake sa ta daskare ta rabu da ruwanta, sannan a tsame a ƙananan kwanduna ta tsane, a kuma rina bayanta da karan dafi. Tun da ba ya narkewa a wuta, ana soya shi ko a jefa shi a miya a madadin nama, kuma tafasa shi a kai a kai ita ce dabarar adana shi a inda babu firij. A kasuwannin ƙauyen Mobawa da Kabiyawa baƙo zai tarar da rumfunan cukutu, burkutun dawa da ake sha a ƙwarya, alhali a Mango da Sokode, inda Musulmi suka fi yawa, fura da koko da shayi ne suka fi samun kasuwa.

Lokacin ziyara mafi dacewa shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin a Maris da Afrilu zafin Mango yakan kai digiri 40, da damina kuma hanyoyin burji sukan yanke. Wanda ya daidaita tafiyarsa da watan Mauludi zai iya halartar bikin Gadao-Adosa na ƙabilar Kotokoli a Sokode, inda mahaya dawakai suke kilisa, 'yan tauri kuma suke goga wuƙaƙe a jikinsu. Sai dai batun tsaro ya sauya lissafin komai a arewa mai nisa: bayan harin da aka kai Kpekpakandi a watan Mayun 2022, inda sojoji 8 suka rasu, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes a watan Yuni na wannan shekara, aka kuma yi ta sabunta ta, ƙasashen Turai da Amurka kuma suna gargaɗin 'yan ƙasarsu game da zuwa yankunan da ke kusa da iyakar Burkina Faso. Sakamakon haka baƙin waje da yawa suna juyawa daga Kutammaku, kuma 'yan rakiyar Nano, waɗanda ɗan abin da suke samu ya dogara da masu sauka ta tsanin nan, suna cikin waɗanda abin ya fi shafa.