Waƙar Da Ba Mu Jin Harshenta, Amma Muna Jin Daɗinta

Duk wanda ya san garin Marwa ya san unguwar Domayo da ke gefen Mayo Kaliyawo, ya kuma san cewa da zarar rana ta faɗi, zafi ya ɗan lafa, unguwar ba ta rabo da kiɗa. Daga shagon tela zuwa na mai aski, daga teburin mai shayi zuwa wurin masu gasa nama da kifi, kowa da abin da ya kunna. Nan za ka ji Lingala ta Kwango, can ka ji Duwala ko Ewondo na kudancin ƙasar nan, gaba kaɗan Larabcin Sudan, sai kuma ga mai babur ya gifta da waƙar Indiya. In ka tsayar da mai shago ka tambaye shi me mawaƙin ke cewa, galibi dariya zai yi ya ce maka shi dai daɗinta yake ji. Abin da ake gani a Domayo shi ake gani a Garwa da Ngaundare, har zuwa Birketiri ta Yawunde da Nubel ta Duwala, inda jama'armu suke zaune da yawa.

Hausa ta yi mana gata a wannan magana, domin kalma ɗaya ce, wato "ji", muke amfani da ita ga abubuwa da dama. Mukan ce mutum ya ji ƙara, mu ce yana jin Fulatanci, mu kuma ce ya ji daɗi ko ya ji tausayi. Ji na farko na kunne ne, na biyu na fahimta, na uku na zuciya. Mai sauraren waƙar baƙon harshe yana da na farko da na uku, na tsakiyar ne ya rasa. Tambayar da muke so mu duba a wannan wata ita ce: yaushe ne rashin na tsakiyar ba ya cutarwa, yaushe ne kuma yake zama hasara gare mu, mu Hausawan Kamaru?

Ba yau aka fara ba

Mu tsiraru ne a ƙasar da ke da harsuna fiye da 200. A Marwa kaɗai, ban da Fulatanci da kowa ke ciniki da shi a kasuwa, akwai Giziga da Mofu da Mafa da Tupuri da Mundang da Barbarci da Larabcin Shuwa, ga Faransancin makaranta da ofis. Tun da aka buɗe Jami'ar Marwa a 2008, ɗalibai daga kudu suka ƙaro nasu harsunan da nasu kiɗan. Saboda haka kunnen Bahaushen nan ya saba da jin abin da bai gane ba tun yana goye a bayan uwarsa.

To amma al'adar ta girmi rediyo da kaset. Kakanninmu sun taso suna rera Ishiriniya ta Alfazazi, mutumin Andalus, da Burda ta Busiri, mutumin Masar, waɗanda aka wallafa tun ƙarni na 13. A daren Maulidi za ka ga tsohuwar da ba ta taɓa buɗe littafin nahawu ba tana bin baitocin daki-daki, hawaye na zuba, domin ta san wanda ake yabo ko da ba ta iya warware kalmomin ɗaya bayan ɗaya ba. Malamai kuwa ba su bar abin haka nan ba, sukan zauna su fassara wa jama'a, wasu ma suka tsara nasu begen da Hausa, kamar yadda marigayi Aliyu Namangi na Zariya ya yi a Imfiraji.

Sai zamanin silima ya zo. Tun a shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima a Kano da sauran biranen arewacin Nijeriya suka fara kawo finafinan Indiya, jama'a kuwa suka rungume su. Fim irin Mother India na 1957 ya shafe shekaru ana maimaita shi ba a gaji ba. Guguwar ta iso gidajen silimar Garwa da Marwa, daga baya ta koma ɗakunan bidiyo na unguwa. Muryar Lata Mangeshkar, wadda ta rasu a 2022, da ta Mohammed Rafi, wanda ya rasu a 1980, sun shiga ɗakunan iyayenmu mata da ba su san kalma goma ta Indiyanci ba. Har laƙabi aka raɗa wa 'yan wasan, alal misali Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi. A Kano an sami masu bege da bandiri, irin ƙungiyar Ushaƙu Indiya, da suka ɗauki karin waƙoƙin finafinan suka ɗora masa yabon Annabi (SAW) da Hausa. Da finafinan Hausa suka kankama bayan Turmin Danya na 1990, wannan karin ne dai ya bi su.

Rediyo ma ya yi nasa aikin. Gidan Rediyon Garwa, wanda shirye-shiryensa na Hausa da Fulatanci suka yi suna har cikin Nijeriya, ya haɗa kunnuwan mutanen da iyaka ta raba. Daga 1981 kuma tashar Africa No. 1 ta Gabon ta riƙa kwararo kiɗan Kwango a gajeren zango. Da yawa daga cikinmu da suka yi samartaka a shekarun 1980 sun haddace amshin Mario, waƙar da Franco Luambo Makiadi ya fitar a 1985, ba tare da sanin cewa labarin wani saurayi ne mai ilimi da ya ƙi neman na kansa, ya kwanta a jikin wata mace mai dukiya da ta girme shi ba.

Abin mamaki, su ma mutanen Kwango ta wannan hanya suka samo kiɗansu. A shekarun 1940 da 1950 faya-fayan garmaho na ƙasar Kyuba suka cika Kinshasa, wadda a lokacin ake kira Leopoldville. Matasa suka yi ta kwaikwayon waƙoƙin da harshen Sifaniya da ba su ji, kafin su mai da su Lingala. Daga nan rumbar Kwango ta tsiro, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2021.

Me kunne ke kamawa?

Abu na farko shi ne kiɗan kansa. Ƙafa ba ta jiran tafinta kafin ta motsa, shi ya sa yaro ɗan shekara biyu kan yi rawa tun bai iya magana ba. Na biyu shi ne murya. Kuka da dariya da lallashi da faɗa duk suna da amo iri ɗaya a bakin 'yan Adam, saboda haka in mawaƙiya ta karya murya, mai saurare ya san rabuwa ko rashi ake yi wa kuka. Na uku shi ne kusancin kari. Kiɗan Sudan na su Mohammed Wardi da Sayed Khalifa, da na Wasulu a Mali na su Oumou Sangaré, an gina su ne a kan matakan sauti biyar, kamar yawancin kiɗan goge da garaya da molo na yankinmu. Shi ya sa Bahaushe ko Bafulatani kan ji su kamar na gida tun a saurare na farko. Na huɗu shi ne tuna baya. Waƙar da aka sa ranar ɗaurin aurenka, ko wadda direba ya yi ta maimaitawa a doguwar hanyar Ngaundare zuwa Marwa, ta riga ta sami ma'ana a wurinka, ko da ba ita mawaƙin ya nufa ba.

Kamaru ma ta ba duniya irin wannan kyauta. A 1972, shekarar da ƙasar nan ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa na Afirka, marigayi Manu Dibango ya ɗauki Soul Makossa a bayan faifan waƙar gasar. Kalmomin Duwala ne a ciki, amma masu sa faifai a birnin New York suka ɗauke ta, a 1973 ta shiga jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, har Michael Jackson ya ari wani ɓangare nata a faifansa na Thriller a 1982, abin da ya jawo taƙaddama tsakaninsu. Haka nan Zangalewa, wadda ƙungiyar Golden Sounds ta fitar a 1986, ta yi farin jini har ƙasar Kolombiya, inda daga baya Shakira ta gina waƙar gasar cin kofin duniya ta 2010 a kanta. A nan arewa kuwa, marigayi Ali Baba ɗan Garwa da ƙungiyar Faadah Kawtal sun sa mutanen kudu rawa da waƙoƙin da ba su jin harshensu.

Inda gizo ke saƙa

Duk da haka, akwai wurare biyu da ya kamata mu tsaya mu yi tunani. Na farko iyaye sun daɗe suna kuka da shi. Ba kowace waƙa mai daɗin kiɗa ce ke ɗauke da magana mai tsabta ba. Wasu waƙoƙin bikutsi da na Kwango da na Turai cike suke da batsa, sai ka ji yarinya tana rera su a tsakar gida gaban mahaifinta, ita ba ta sani ba, shi ma bai sani ba, maƙwabcin da ke jin harshen kuwa yana sunkuyar da kai. A da kaset sai an saya an shigo da shi gida kowa ya gani. Yanzu kuwa waƙa ɗari na cikin wayar hannu, masu turawa na bakin kasuwa suna loda ta da ɗan kuɗi kaɗan. Maganin wannan ba shi da wuya a gari irin Marwa, inda kusan kowane harshe yana da mai shi a layinku: a tambaya. Tambayar ma kanta zumunci ce, domin babu wanda ba ya jin daɗi a ce masa ya fassara waƙar garinsu. Su kansu mawaƙan sun san darajar kalma. Da Franco ya so ya gargaɗi Afirka game da cutar sida a 1987, yawancin waƙar da Faransanci ya yi ta don saƙon ya isa inda Lingala ba ta kai.

Wuri na biyu shi ya fi damunmu, shi ne kuma dalilin wannan rubutu. A gidajen Hausawa da dama na Marwa da Garwa, yara sun fi sakewa da Fulatanci a wasa, da Faransanci a makaranta. A Yawunde da Duwala kuwa Faransanci da Turancin buroka sun ci rabin hirar gida. Hausar da ta rage a bakin wasu ta gaisuwa ce da ta aike. Idan aka sa musu Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ko Musa Ɗanƙwairo, ko Ɗan Maraya Jos, sukan kaɗa kai su ce kiɗan ya yi daɗi, daidai yadda mu muke yi wa Lingala. Wato waƙar gidansu ta fara zame musu waƙar baƙon harshe.

A nan hasarar ba ƙarama ba ce, domin nauyin waƙar Hausa a kan magana yake. Kuntigin Ɗan Maraya tsirkiya ɗaya gare shi, abin da ya ɗaukaka shi shi ne yadda ya zana rayuwar karen mota da ta talaka. Wanda ya saurari Bakandamiyar Narambaɗa don kotso kawai, bai san kirari da zambo da habaicin da ke cikinta ba, ya tsaya a zaure ne bai shiga gida ba. Hatta kalangu magana yake yi, saboda Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, makaɗi kuwa yakan matse tsirkiya ya saki don ya kwaikwayi wannan hawa da sauka. Baƙo zai ji ganga, ɗan gida zai ji take da kirarin mahauta. Amadar marigayiya Barmani Choge cike take da shaguɓe da nasiha tsakanin mata, waɗanda sai mai jin Hausa sosai yake kamawa. Sababbin mawaƙa irin su Nura M. Inuwa da Hamisu Breaker, waɗanda ake sa waƙoƙinsu a bukukuwanmu har maƙwabtanmu da ba Hausawa ba suna taya mu rawa, su ma da salon magana suke jan masoyansu. Maƙwabci in bai gane ba babu laifi, ya sami rabonsa. Ɗanmu in bai gane ba, gadonsa ne ya suɓuce.

Abin da za mu iya yi

Ba mu ce a toshe wa yara kunne ba. Wanda ya girma a Domayo ba zai yiwu a raba shi da makosa da rumba da waƙar Indiya ba, ba ma kuma fatan haka, domin buɗaɗɗen kunne na cikin abin da ya sa Bahaushe ya iya zama da kowace ƙabila daga nan har Kumasi da Hartum. Abin da muke kira gare shi shi ne mu yi wa waƙoƙinmu abin da malamai suka yi wa Ishiriniya. Uba ya zauna da 'ya'yansa bayan sallar isha'i, ya sa waƙa ɗaya ta Shata, ya tsayar da ita a tsakiya ya tambaye su me aka ce, ya warware musu kalmar da ta shige musu duhu, ya gaya musu wanda aka yi wa waƙar da dalilin yin ta. Uwa ta rera wa 'ya'yanta mata waƙoƙin daka da na reno da na gaɗa da ta koya a gidansu. Ƙungiyoyinmu na matasa da na mata, da masu gabatar da shirin Hausa a gidajen rediyon yankin nan, su ware ɗan lokaci na sharhin waƙa, ba sa faifai da gaishe-gaishe kaɗai ba.

Wannan shafi ma a shirye yake ya ba da gudummawarsa. Dattawan da suka san tarihin wata waƙa, ko ma'anar wani kirari da ya fara ɓacewa, su rubuto mana, ko su sa jikokinsu su rubuta a madadinsu. Za mu buga da Hausa, mu kuma sa taƙaitaccen bayani a ɗaya sashen jaridar don amfanin yaranmu da maƙwabtanmu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya raya mana zuriya, Ya bar mu da harshenmu da zumuncin maƙwabtanmu, amin.