GARGAƊI: Kada wanzami ya taɓa ƙarin da ke jikin jariri

Iyaye, kakanni, ungozomomi da wanzaman Dutse, Kiyawa, Jahun, Birnin Kudu da Buji, a saurara da kyau. Duk jaririn da aka haifa da kullutu, ko ƙari, ko baƙin tabo mai faɗi, kada a yi masa sakiya, kada a tsaga, kada a ƙona, kada a shafa masa ƙulle-ƙulle. A kai shi asibiti a makon da aka haife shi, ba sai an yi suna ko arba'in ba.

Yawancin tabon haihuwa tawadar Allah ce kawai, ba ta da illa. Amma jefi-jefi akan haifi yaro da ciwon daji a fata, ko wanda ya taso daga ciki ya ɓullo ta fata. Ba koyaushe ido ke rarrabewa ba, ko da na likita ne. Ƙwayoyin wannan ciwo kan sauya kama, su daina kama da naman da suka fito daga gare shi, wani lokaci su ɗauki siffar tsoka ko guringuntsi. Sai an ɗebi ɗan naman an duba a madubin ɗakin gwaji ake sanin sunansa da maganinsa. Askar gida kuwa tana jawo zubar jini da tetanus, tana kuma ɓata wa likita aiki.

A garzaya asibiti idan an ga:

• baƙin tabo mai gashi da ya fi tafin hannun jaririn faɗi;
• ƙari mai girma da sauri, ko mai fashewa, ko mai zubar da jini;
• ƙananan kullutu masu tauri, shuɗi-shuɗi, a warwatse a jiki;
• kumburi a ƙeya, gadon baya ko tushen ɗuwawu. Wannan yana iya haɗe da ƙwaƙwalwa ko laka, huda shi na iya kisa.

A fara da asibiti mafi kusa, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni da ke Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Idan an tura ku Asibitin Malam Aminu Kano, ku tafi. A riƙa ɗaukar hoton wurin da waya duk mako, a nuna wa likita.

Maganar cewa daji ba ya son allura ta salwantar da yara. Jinkiri ne ke ba ciwon damar yaɗuwa. Limamai da masu unguwanni, ku sanar a masallatai da wuraren suna.